Filin Gini da Gyara: Tayil a Banɗaki da Kicin

Damina ta ɗauke, masu gyaran gida sun fito, ga masu shirin tarewar amare, shi ya sa wasiƙun wannan wata kusan duk a kan banɗaki da kicin suka zo. Magini da mai tayil da falamban wannan fili suka zauna tare suka amsa waɗanda muka zaɓa.

Assalamu alaikum. Na ga wani farin tayil mai sheƙi, babba, santimita 60 da 60, a Kasuwar Ƙofar Ruwa. Ina so a shimfiɗa shi tun daga falo har ƙasan banɗaki don gidan ya tafi iri ɗaya, amma mai tayil yana ta ja da baya. Ƙyuya ce ko da gaskiyarsa? Surukata tana zaune tare da mu.
*Uwargida daga Rijiyar Zaki*

Wa alaikumus salam. Hajiya, da gaskiyarsa, ki ma ƙara masa na goro. Banɗakinmu ba ya bushewa: ga wanka da bokiti, ga alwala da buta sau biyar, ga wankin yara. Tayil mai sheƙi in ya sha ruwa da sabulu ya zama tarko, kuma tsohuwa in ta zame a kansa ƙashin ƙugunta na iya karyewa.

Bayan santsi akwai maganar gangara. Ƙasan banɗaki dole ya karkata zuwa ramin fitar ruwa, kamar santimita ɗaya da rabi zuwa biyu a kowace mita. Tayil ba ya lanƙwasuwa. In ramin a tsakiya yake, babban tayil ba zai bi gangarar da ta fito daga kusurwa huɗu ba sai an yayyanka shi a karkace, kuma sau da yawa mai aiki yakan gwammace ya shimfiɗa shi a miƙe, ruwa ya riƙa kwanciya a bakin ƙofa. Ƙaramin tayil, 30 da 30 ko ƙasa da haka, ya fi bin gangara, yawan layukan tsakaninsa kuma yana riƙe tafin ƙafa. In kin dage sai babba, to a sa doguwar magudana a gindin bango ɗaya, a karkatar da ƙasan gaba ɗaya zuwa can.

Ki nemi marar sheƙi mai ɗan kaushi. Wasu kwalaye, musamman na Sifen da Italiya, suna ɗauke da lambar santsi daga R9 zuwa R13. R10 ko R11 ya dace da banɗaki. In babu lamba, ki sa a ciro ɗaya a shago, ki zuba masa ruwa, ki goga tafin hannu. Kada kuma kaushin ya yi yawa, don mai ramuka-ramuka yana riƙe dauɗa, sai da buroshi.

Farin fat a ƙasa wahala ne a Kano, ƙurar hunturu da sawun ƙafa ba sa ɓuya a kansa. Baƙi ma bai fi ba, yana nuna busasshen sabulu da farin tabon da ruwan wasu rijiyoyin burtsatse ke bari. Ruwan toka ko ruwan ƙasa mai haske ya fi rufin asiri. Farin da ya burge ki, ki kai shi bango.

Banɗakin saman bene yana yoyo. Silin falon ƙasa ya yi taswira, fentin bangon ɗakin da ke maƙwabtaka da shi yana ɓarewa. Mai tayil ya ce a cire tsohon tayil a sa sabo, shi ke nan. Shekara uku kacal da gama ginin.
*Alhaji daga Hotoro*

Alhaji, in ka bi wannan shawara za ka biya kuɗin tayil sau biyu, yoyon yana nan. Tayil ba shi ke tare ruwa ba. Fuskarsa ba ta shan ruwa, amma layukan tsakani suna sha, ruwan ya sauka cikin simintin da ke ƙasa, ya kwanta a kan dekin har ya sami tsaga ko gefen bututu ya bi. A gidan ƙasa ba a lura, ƙasa ke shanyewa, sai dai gindin bango ya riƙa fitar da gishiri-gishiri. A bene kuwa silin ne ke tona asiri.

Kafin a fasa komai a gano inda ruwan yake fitowa, don ba kowane yoyo ne na daɓe ba. A cika tankin sama, a rufe duk famfunan gida, a yi alama a jikin tankin, a kwana. In da safe ruwa ya sauka, bututun da ke kawo ruwa ne ya fashe a cikin bango, aikin falamba ne. In bai sauka ba, a daina wanka a banɗakin kwana uku amma a ci gaba da kora masai. Taswirar ta ci gaba da jiƙa, to robar da ta haɗa masai da bututun inci huɗu ce ta saki. In ta fara bushewa, sai a toshe ramin fitar ruwa, a tara ruwa a ƙasan kamar santimita uku. Ɗiga ta dawo, laifin daɓe ne.

In daɓen ne, ga yadda ake yi. A cire masai, a fasa tayil da simintin ƙarƙashinsa har a tarar da dekin, a fasa layin tayil na farko na bango. A share tas. Duk inda bututu ya huda dekin a duba shi da kyau, domin nan ne magina ke cusa takardar buhun siminti da ɓaraguzai su shafe samansa. A ƙwaƙule, a cike da kankare mai ƙarfi. Sannan a zuba sabon daɓe, kwanon sarki ɗaya na siminti ga huɗu na yashi, a fitar da gangarar tun a nan, ba a wajen ɗora tayil ba. Kusurwar da bango ya haɗu da ƙasa a cike ta, ta zama kamar gindin kwano, domin a kusurwa mai kaifi ne shafe ke fara tsagewa. A riƙa yayyafa masa ruwa, a ba shi mako guda.

Daga nan sai maganin hana ruwa irin na shafawa, wanda yake zuwa gari da ruwansa a haɗa. Shafi biyu ake yi da buroshi, na biyun ya gitta na farko bayan ya sha iska. Ya rufe ƙasa duka, ya hau bango santimita 30 ko'ina, a wurin shawa ya kai mita 1.8, ya kuma leƙa bakin ƙofa, ya shiga cikin bakin ramin fitar ruwa. Hodar da ake zubawa cikin kwaɓin siminti tana taimakawa, amma ba ta maye gurbin wannan, don in daɓe ya tsage tare suke tsagewa. Kwalta kuma gam ɗin tayil ba ya kama ta, sai an sake zuba wani daɓen a kai.

Matakin da kowa ke tsallakewa saboda gaggawa shi ne gwaji. In shafen ya bushe, a toshe rami, a tara ruwa santimita uku zuwa biyar, a yi alama a bango, a bar shi awa 24 zuwa 48, a sauka ƙasa a duba silin. Sai ya ci wannan jarrabawa za a ɗora tayil, kuma da gam, kada a buga ƙusa ko a ja giranda a kan shafen. Kusurwoyi da gindin masai da silikon ake rufe su, ba da farin siminti ba, domin nan gini ke motsi.

Ka tabbata ƙasan banɗakin ya gama santimita biyu zuwa uku ƙasa da na ɗaki. In tun farko ba a saukar da dekin wurin ba, a yi ɗan dokin ƙofa da guntun giranit. Fentin bango kuma kada a taɓa shi sai laimar ta fita, wanda kan ɗauki makonni.

Banɗakina ƙafa shida ne da ƙafa takwas. Kwali nawa zan saya? Ina tsoron a cuce ni.
*Malami daga Kurna*

Malam, ɗauko biro. Ƙafa shida da takwas kusan mita 1.8 ne da 2.4. Ƙasa: 1.8 sau 2.4 ya ba da sikwaya mita 4.3. Ƙara kashi goma cikin ɗari na yanka da fashewa, ya zama 4.8, wato guda 53 na 30 da 30.

Bango: kewayen ɗakin mita 8.4 ne. In tayil zai tsaya daidai saman ƙofa, mita 2.1, ka sami 17.6. Cire ƙofa, kamar 1.6, da ƙaramar taga, kamar 0.4, saura 15.6. Da ƙarin kashi goma ya kai 17.2. Tayil ɗin bango 25 da 40 kowane guda goma sikwaya mita ɗaya ne; in kwalin mai guda 15 ne, kwali 12 za ka saya. Ka karanta jikin kwalin da kanka, kamfanoni sun bambanta a yawan da suke zubawa. In za a jera shi a karkace, ƙarin ya zama kashi 15. Gam kuwa buhu mai kilo 20 yakan rufe sikwaya mita huɗu zuwa biyar in filastar ta miƙe, ka ga buhu biyar ke nan.

Cutar da ta fi yawa ba a lissafi take ba, a haɗa kwalaye take. Kowane kwali yana da lambar gashi, wato ta rukunin da aka gasa tare a masana'anta, da lambar launi. Tayil iri ɗaya, suna ɗaya, in ba gashi ɗaya ba ne, launinsa kan ɗan saɓa, girmansa ma kan bambanta da milimita ɗaya ko biyu, kuma sai an jera a bango ake gani. Ka duba lambobin su zo ɗaya kafin a ɗora a mota. Ka haɗa guda biyu fuska da fuska. In suna rawa ko haske na ratsa tsakani, sun bauɗe. Wannan gwaji ya shafi na waje da na gida, wanda ake yi a masana'antun jihohin Ogun da Kogi. Kowanne yana da mai daraja ta ɗaya da ta biyu. In an gama, ɓoye rabin kwali a sito, domin ran da falamba zai fasa bango ba lalle ka sami irinsa a kasuwa ba.

Tayil ɗin kicin ɗinmu ya yi ƙara kamar an harba bindiga, layi guda ya tashi ya yi tozo. Sauran in an ƙwanƙwasa sai su yi amon ganga. Wasu sun ce sammu ne.
*Wata baiwar Allah daga Sharaɗa*

Baiwar Allah, ki kwantar da hankali, matsi ne. Tayil yana buɗewa da zafi, yana tsukewa da sanyi, daɓen siminti kuma yana ci gaba da tsukewa watanni bayan an zuba shi. A garin da zafi ke haura digiri 40 a Afrilu, asubar hunturu kuma ta sauko ƙasa da 15, wannan motsi ba ƙarami ba ne. In an jera tayil baki da baki don kada layi ya fito, aka kuma danna shi jikin bango, ba shi da wurin numfashi, sai ya tunkuɗi juna ya tashi. Ana barin milimita uku tsakanin tayil ɗin ƙasa da 'yan robobin nan masu kamar alamar tarawa, da kuma milimita biyar zuwa takwas a gindin bango, wanda sikatin, siririn tayil ɗin da ke kewaye gindin bango, zai rufe.

Amon ganga kuwa yana nufin tayil bai kama ba tun farko. Yawanci ɗayan uku ne. Ko dai an ɗiga kwaɓi a kusurwa huɗu da tsakiya aka manna, sauran duk iska. Ko an ɗora fosilin, wato tayil mai tauri sosai, da ruwan siminti zalla: fosilin ba ya shan ruwa sama da rabin kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa, siminti ba ya samun inda zai riƙe, dole sai gam. Ko kuma seramik ne, wato tayil mai shan ruwa, aka ɗora a bushe ya zuƙe ruwan kwaɓin. Shi in da siminti za a sa shi, sai an jiƙa shi a baho kamar rabin awa, a jingine ya tsane. In da gam ne ba a jiƙawa.

Gam ma yana da ƙa'ida. Da cokali mai haƙora ake baza shi, layukan su tafi gefe ɗaya, babban tayil kuma a ƙara shafa wa bayansa. A iskar hunturu yana yin fata cikin 'yan mintuna, don haka kada a baza fiye da sikwaya mita ɗaya a lokaci guda. In an taɓa bai manne a yatsa ba, a kankare a zubar. Wanda ya fara daskarewa a bokiti kada a ƙara masa ruwa a ce an farfaɗo da shi.

Gyara: a bi ɗakin da ƙotar sukudireba ana ƙwanƙwasawa, a yi wa masu amo alama da alli. In ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, a yanke layinsu da giranda a ɗaga su a sake. In sun fi haka, a kwashe duka.

Tambaya ɗaya gare ki: a ina kuke daka? Turmi da taɓarya suna fasa tayil ɗin kicin. Ko tayil ya kama da kyau, bugun yaji da daddawa kullum a wuri ɗaya sai ya tsaga shi. A ware wa turmi wurinsa a tsakar gida da daɓen kankare zalla. In ba hali, a ɗora shi a kan roba mai kauri.

Muna gyara kicin kafin bikin ɗiyarmu. Kan teburin girki me ya fi: mabul, giranit, ko tayil? Bangon fa?
*Hajiya daga Gyaɗi-Gyaɗi*

Allah ya sanya alheri, Hajiya. Giranit. Mabul ya fi shi kyan gani, amma dutse ne dangin farar ƙasa, duk abu mai tsami yana cin fuskarsa: lemon tsami, ruwan tsamiyar kunu, tumatir. Sheƙin ya dushe a wurin, kuma wanki ba ya mayar da shi. Manja da zoɓo kuma suna shiga jikinsa. Giranit mai duhu, kaurin santimita biyu, ya fi jure tukunya da wuƙa da miya. Mai haske yana ɗan shan mai, sai an shafa masa maganin toshe ƙofofin dutse lokaci-lokaci. Ki karɓo guntu daga mai sayarwa, ki ɗiga masa manja da lemon tsami, ya kwana, ki goge da safe. Abin da kika gani shi za ki gani shekara goma.

In kuɗi bai kai ba, tayil ma yana yi, amma a kan teburin kankare mai rodi, da fosilin 60 da 60, domin zurfin tebur santimita 60 ne, guda ɗaya ya rufe daga gaba zuwa bango, layi ya ragu. Bakin teburin a sa masa ƙarfen kusurwa, nan ne tukunya ke ɓantarewa.

Tsayin tebur santimita 85 zuwa 90 daga tayil ɗin ƙasa, ba daga daɓe ba. A nan ake yawan kuskure, a gama a ga ya gajarta. Ki auna da mai girkin: saman teburin ya zauna kamar tafin hannu guda ƙasa da gwiwar hannunta. Wurin da za a tuƙa tuwo a babbar tukunya gara a saukar da shi sosai, don ba a tuƙi da hannu a sama.

Tsakanin tebur da kabad ɗin sama a bar kamar santimita 60, a rufe da tayil mai sheƙi, babba. Nan sheƙi ke da amfani, tsumma ɗaya ya ɗauke mai. 'Yan ƙananan nan masu ado da masu kamar dutse suna da kyau a hoto, amma bayan wata uku na suya kowane layi ya zama maƙwancin maiƙo. A sa wayoyi da akwatunan soket kafin tayil.

Ƙarƙashin wurin wanke-wanke kada a sa katakon MDF, irin wanda ake mannawa daga garin katako, ɗigon ruwa kaɗan ke kumbura shi. A ɗaga gindin kabad da dakalin kankare santimita goma, a lulluɓe cikin da tayil, a sa ƙofar alminiyam. Tukunyar gas kuma a waje ta fi, cikin keji mai iska, a shigo da bututu. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya a rufaffen kabad ƙasa yake taruwa.

Layukan farin simintin banɗakina sun yi baƙi, ga zarni. An ce in wanke da asid.
*Matashi daga Fagge*

Kada ka yi. Asid yana cinye simintin layin ya ƙara masa ramuka, yana kuma ɓata kan famfo da murfin magudana. Kuma ko da wasa kada ka haɗa shi da Hypo ko wani bilic, hayaƙin da ke tashi guba ne, a rufaffen banɗaki yana iya kai mutum asibiti. Farin siminti zalla yana shan ruwa kuma yana tsattsagewa. A ƙwaƙule shi zuwa zurfin milimita uku ko fiye, a cike da garin cike layi na musamman, mai ruwan toka a ƙasa. Mai hali ya sa na ifoksi, wani mai kamar gam, a kewayen masai, ba ya shan komai, sai dai yana saurin daskarewa, yana son hannun da ya saba.

Zan mayar da masan tsuguno na zama saboda mahaifina. Zan iya ɗora sabon tayil a kan tsohon don in huta da fasawa? Kuma banɗakin yana wari ko an wanke.
*Magidanci daga Yakasai*

Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Tayil kan tayil yana yiwuwa in na ƙasan duk ya kama, an wanke maiƙonsa, an kuma yi amfani da gam mai ƙarfi, ba siminti ba. Amma a naka ba mu ba da shawara ba: ƙasan zai tashi fiye da santimita ɗaya, ya kusa daidai da ɗaki, ga shi dole a fasa wurin masai ko ta yaya.

Ka sayi masan kafin falamba ya kafa bututu. Akwai mai fita ta ƙasa, akwai mai fita ta bango, kuma mai fita ta ƙasa yawanci tsakiyar bututunsa kan zauna santimita 25 zuwa 30 daga bango, a auna daga fuskar tayil, ba daga bulo ba. Tunda ana fasawa, a duba alƙibla, a juya shi kudu ko arewa, ya fi kwanciyar rai ko da malamai sun yi sauƙi a cikin gini. A kafa ƙarfen dafawa a gefensa da dogayen kusoshi da suka shiga bulo, a ƙara ƙaramin famfo a ƙasa don buta da wankin ƙafa, kusa da ramin ruwa.

Warin kuma daga sokawe yake dawowa. Leƙa ramin fitar ruwa da tocila: in ba ka ga ruwa kwance a ciki ba, miƙaƙƙen bututu aka sa, babu tarkon da ke riƙe ruwa ya tare iska da kyankyasai. A sa mai tarko, a kuma tabbata bututun masai yana da na shaƙar iska da ya haura rufin. In akwai tarkon amma banɗakin baƙi ne da ba a cika shiga ba, zafi ne ya busar da ruwan. A riƙa zuba masa buta ɗaya duk mako.